Tikitin Kara Da Kasafin Kuɗin Meri: Ina Kuɗinmu Ke Shiga?

(Jawabin da sakataren ƙungiya ya yi wa makiyaya da 'yan kara a taron watan Satumba na mutanen Zangwetin, Wagadugu.)



Ranka ya daɗe Sarkin Zango. Iyayenmu ardo-ardo, masu gida na kara, Sarkin Fawa da jama'arsa, dillalai da fatake, da ku samari masu kora, ina gaishe ku da zuwa, da fatan kun baro gida da garke lafiya. Na san akwai waɗanda suka taso daga Niyoko, wasu daga Waga 2000, wasu kuma daga rugagen Saaba da Kubri cikin wannan taɓo. Sannunku da hanya.

Kwamiti ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan meri, wato hukumar gari: aikin da take yi daga farkon shekara zuwa ƙarshenta, abin da take bin mu, da abin da muke bin ta. Dalili kuwa shi ne tambayar nan da ba ta ƙarewa a bakin kara. Duk sa'ad da mai tikiti ya miƙo hannu sai ka ji wani ya ce, wai kuɗin nan ina suke zuwa? A yi tsaki, a biya, gobe kuma a sake. Ni karatuna bai wuce firamare ba, amma aikin ƙungiya ya zaunar da ni a bencin baya na zauren meri sau da yawa, na kuma sa an karanta mini dokokin an warware mini su. Abin da na tsinto shi zan zazzage muku, wanda ya fi ni sani ya ƙara.

Mu fara da ita kanta merin. A watan Fabrairu na 1995 aka yi zaɓen kansiloli a garuruwa 33 na ƙasar nan, Simon Compaoré ya zama magajin garin Wagadugu, ya riƙe har 2012. A lokacin birnin gunduma 5 ne da sektar 30, Zangonmu yana cikin gundumar Baskuy. Daga 2012 aka koma gunduma 12 da sektar 55, saboda gari ya bunƙasa, har ƙidayar 2019 ta sami mutum fiye da miliyan 2 da dubu 400 a cikinsa. Amma canjin da ya fi taɓa mai dabba shi ne na dokar Disamba 2004. Ita ce ta sa a zaɓen Afrilu 2006 aka yanka ƙasar Burkina duka zuwa komin 351, guda 49 na birni, 302 na karkara. Tun daga ranar babu sauran dajin da ba shi da meri. Duk inda saniya ta ɗora kofato, a cikin ƙasar wani magajin gari ta ɗora shi, ko mai korar ta ya san sunansa ko bai sani ba.

Sau biyu ana rushe majalisun nan. An rushe su a Nuwamba 2014, aka sake zaɓe a Mayu 2016, Armand Béouindé ya hau kujerar Wagadugu. A Fabrairu 2022 aka sake rushe su, aka kafa kwamitocin riƙo da ake kira delegasiyo, aka zuba ma'aikatan gwamnati a ciki tare da wakilan sarakuna, da na malaman addini, da na ƙungiyoyi. Tun zaɓen 2016 ɗin nan ba a sake babban zaɓen kansiloli na ƙasa duka ba. To na ji wasu a kara suna cewa tunda babu kansila ai babu meri, sai soja. Ku daina faɗin haka. Mai kujera ne ya canza. Littafin kuɗi yana nan, hatimi yana nan, ana zama, ana yanke shawara, kuma tikitin da kuke biya bai tafi hutu ko na yini ɗaya ba.

Mene ne aikin meri? Dokar 2004 ta lissafa fanni 11 da ta danƙa wa hukumomin gari, tun daga filaye da tsarin gari, da lafiya da tsafta, da makaranta, da ruwa, har maƙabarta. Na ƙarshe a jerin shi ne namu: kasuwanni da mahauta. A 2009 gwamnati ta miƙa musu kula da makarantun firamare da ƙananan asibitoci da rijiyoyi. Meri ce ke rubuta haihuwa da aure da rasuwa. Tana da 'yan sandanta tun 1995, kuma a shekarar ne aka fara aikin matan nan masu koriyar riga da ke share manyan tituna tun da asuba. Ita ke kwashe shara ta kai Polesgo, ita ke yashe magudanan ruwa. Kada wani ya ce shara ba ruwan mai dabba da ita. Ku tambayi Sarkin Fawa abin da yaransa ke cirowa daga tumbin saniyar da ta yi kiwo a bola, leda ce dunƙule guda kamar tulu, dabba tana ci tana ramewa mai ita yana ta sayen magani. Wanda kuma ya ga ruwan 1 ga Satumba 2009, da aka zuba fiye da milimita 260 a yini ɗaya, mutum wajen 150,000 suka rasa matsuguni, ya san amfanin magudanar da aka yashe kafin damina.

Akwai kuma abin da ba nata ba, kuma mukan ɓata bakinmu muna zagin ta a kansa. Kuɗin fitar da dabba zuwa Abijan ko Kumasi ko Lome na gwamnatin ƙasa ne. Duwan da jandarma ba ma'aikatan meri ba ne. Allurar rigakafin ciwon huhu ta shekara-shekara aikin ma'aikatar dabbobi ce. In ka kai kukan waɗannan ofishin magajin gari, za a ba ka kujera, a saurare ka, a raka ka bakin ƙofa, shi ke nan. Kowace ƙwarya da abokiyar burminta.

Yanzu ga yadda shekararta ke juyawa, kuma a nan nake so ku buɗe kunne. Shekarar kuɗi tana farawa 1 ga Janairu, ta ƙare 31 ga Disamba. Dokar 2004 ta ce majalisa ta zauna zaman ƙa'ida sau ɗaya kowane wata 3, wato sau 4 a shekara, ban da zaman gaggawa. A watanni ukun farko shugaba yakan kawo rahoton abin da aka yi bara. Wajen tsakiyar shekara a duba lissafin bara sisi da sisi: shugaba ya kawo littafinsa, ma'ajin baitulmali ya kawo nasa, dole su yi daidai. In an sami rara sai a yi ɗan ƙarin kasafi a zuba ta a ciki. Sa'an nan a watannin ƙarshe, galibi tsakanin Oktoba da Disamba, a zauna babban zama, a rubuta kasafin kuɗin shekara mai zuwa: nawa ake sa ran samu, daga ina, kuma me za a yi da su. Bayan majalisa ta amince sai a aika wa hukumar sama ta sa hannu. Daga nan alƙalami ya bushe.

To mu yaushe muke zuwa? Cikin bazara, watan Afrilu, sa'ad da rijiyar kara ta ƙafe, shanu suna kuka, mu kwashi jiki mu 20 mu tafi meri da fushi. Sai sakatare ya buɗe littafi ya ce, Alhaji, ba ya cikin kasafi. Mu fito muna cewa an raina mu. Wani lokaci an raina mu ɗin, ban musa ba. Amma sau da yawa gaskiya mutumin ya faɗa, domin shugaban da ya kashe kuɗi a kan abin da ba a rubuta ba, shi za a tuhuma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Rijiyar da kuke so a bazarar baɗi, a watan nan da na gobe ake neman ta.

Wani zai ce, wa zai bar mai sanda da malfa ya shiga zaurensu? Doka ta bar shi. Aya ta 11 ta dokar 2004 ta ce mazauna gari suna da haƙƙin sanin yadda ake tafiyar da al'amuransu, ta kuma faɗi hanyoyin: zaman majalisa a buɗe yake ga jama'a sai fa wanda aka ce na sirri ne, kasafin kuɗi da lissafin shekara a ba wanda ya nema ya gani, shawarwarin da aka yanke kuma a bayyana su. Ba ka da bakin magana a cikin zaman, ba ka da ƙuri'a, amma kana da kunne. Kuma na lura da abu ɗaya: ranar da bencin baya ya cika da masu rawani, ko yadda ake karanta layin kara ma dabam yake.

Shi kasafin aljihu biyu gare shi. Na farko na ci da sha ne: albashin ma'aikata, man mota, wutar lantarki, takardu, gyare-gyare. Na biyu na gini ne, abin da zai tsaya a gani, kamar aji, ko rijiya, ko katangar kasuwa. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce a cire aƙalla kashi 20 cikin 100 na kuɗin da komin ta tara da kanta a zuba a aljihu na biyu. Ku 'yan kasuwa ne, kun san ɗan tiredar da ke cinye uwa da riba, kun kuma san mai ware wani abu ya sayi maraƙi. In an ba ku littafin, aljihu na biyu za ku fara dubawa, ku nemi layin da ya ambaci kara ko burtali ko mahauta. In babu shi, to a shekarar nan babu mu.

Kuɗin kuwa daga kafa uku suke shigowa. Akwai abin da gwamnati ke turowa, mafi yawansa an riga an ɗaure shi, na makaranta ne ko na asibiti, ba a karkatar da shi. Akwai gudummawar abokan waje da rance. Sa'an nan akwai na gida: patanti na manyan 'yan kasuwa, lampon ƙananan masu sana'a, kuɗin zama a gari, waɗanda ofishin lampo ke karɓa a madadin komin, da kuɗin tambur na takardu, da hayar rumfuna, da kuɗin tasha, da kuɗin yanka, da tarar dabbar da aka kama, da tikitin kasuwa. A babban birni kamar Wagadugu tikitin kara ɗigo ne a cikin randa. Amma a ƙaramar komin mai kasuwar dabbobi, sau da yawa karar nan ita ce saniyar tatsa. Ku dubi Puytenga, ku dubi Fada ranar Lahadi, ku ƙirga motocin da ke lodi, za ku gane abin da nake nufi.

Ga yadda tikiti yake tafiya. Mai ba da umurnin kashe kuɗi dabam, mai riƙe kuɗi dabam. Shugaban meri yana sa hannu, amma ba ya taɓa ko dala. Kuɗi suna wurin ma'aji, wanda ma'aikacin baitulmalin gwamnati ne, ba yaron magajin gari ba. Shi ma'ajin ne ke ajiye damin tikiti, kowanne da lambarsa da farashinsa a jiki. Ya ƙirga ya ba mai karɓa, mai karɓa ya yaga ya ba ka, gindin ya rage a hannunsa. In ya koma, gindi nawa ya kawo, kuɗi nawa ya kawo, dole su hau. Tsarin ba shi da laifi. Inda ake huda shi wuri ɗaya ne, kuma da hannunmu ake huda shi. Mai karɓa ya matso kusa ya ce, Alhaji, kawo rabi, ba sai na yaga ba. Kai kana ganin ka ci riba, shi ya sa a aljihu, tikiti ya koma gida da gindinsa. A littafin ma'aji, saniyar nan ba a taɓa sayar da ita ba. Ban kama sunan kowace kasuwa ba, kuma akwai masu karɓa na kirki da ke yini cikin rana a kan ɗan abin da ba ya isar su. Amma duk wanda ke cikin rumfar nan ya san maganar da nake yi.

Mu yi lissafi irin namu. Wannan misali ne kawai, ba farashin wata kara na faɗa ba. A ce ana sayar da shanu 200 a yini, tikitin kowace dala 100, wato sefa 500. Jika 100 ke nan a yini. A kwana 300 ya zama miliyan 30. To a ce rabin shanun sun wuce ta bayan fage. Littafi zai nuna miliyan 15. Ranar babban zama, wakilin wata unguwa zai miƙe ya ce kasuwarsu ta hatsi ta kawo fiye da haka, don me za a yi wa kara rijiya su a bar su? Kuma ba wanda zai iya ƙaryata shi, domin majalisa ba ta ƙirga ƙaho, lamba take karantawa. Kai da ka tsira da dala 50 a kan kowace saniya, kai ne za ka sayi ruwa a baro duk bazara, ka biya samari su tura shanu cikin mota da igiya saboda babu dakalin lodi, wata ta karye a ƙafa ka sayar da ita a kuɗin nama. Wannan ma ƙaramar hasara ce. Babbar ita ce ranar da wani mai kuɗi ya ƙyalla ido ya ga filin karar ya shigo tsakiyar gari. A ranar za a buɗe littafi a ce, wannan wuri me yake kawowa? Kasuwar da ta yi ƙanƙanta a takarda ba ta da wuyar ɗagawa.

Na san inda tsoron ya samo asali. Kakanninmu sun sha wuyar jangali da lampon kai, sa'ad da ake ɓoye shanu a ƙurmi in an ji mai ƙirga yana tafe. Thomas Sankara ya soke lampon kai a 1984, a Kano da Kaduna kuma an soke haraji da jangali tun 1979, amma har yau in an ce ƙidaya sai gaban Bafulatani ya faɗi. A da, wanda aka ƙirga shi ake tatsa. Yanzu tatsar ana yin ta ko an ƙirga ko ba a ƙirga ba, wanda ba a ƙirga ba kuwa shi ake mantawa ranar rabo.

Kuma ku sani matsin zai ƙaru. Tun Fabrairu 2022 hanyar Jibo ta toshe, kasuwar da dā take cikin manyan kasuwannin dabbobi na ƙasar nan. A ƙarshen Maris 2023 hukuma ta ƙirga mutum fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu, cikinsu akwai 'yan'uwanmu da yawa da suka gangaro da ragowar dabbobinsu gefen manyan garuruwa. A Agusta 2023 Faransa ta dakatar da taimakon da take bayarwa. Baki ya ƙaru, kafa ɗaya ta kuɗi ta raunana, saboda haka ido zai dawo kan na gida. Za a nemi ƙarin kuɗi a wurinmu, ko mun so ko mun ƙi. Ni a ganina gara mu biya da tikiti a hannu mu sami bakin tambaya.

Mu mutanen Zangwetin bai kamata a yi mana dogon wa'azi a kan takarda ba. Sunan ma da Mosanci ƙasar Hausawa yake nufi. Masaukin fatake ne tun zamanin da ayari ke bi ta ƙasar Mosi zuwa Gwanja neman goro, a nan baƙo ke sauke kaya wurin mai gidansa, a nan ake ƙulla cinikin shanu da kalmar baki. A Nuwamba 2000 majalisar ministoci ta yanke shawarar faɗaɗa unguwar kasuwanci da ofisoshi da ake kira ZACA, hekta 85, ta haɗiye Zangwetin da Cedpalogo da unguwar Fulani ta Pelogin da Kamsongin da wani yanki na Kuluba, mutum wajen 12,500. An yi taruka, an yi zanga-zanga, an yi addu'o'i. A 2003 katafila ta shigo, a shekarar da gobara ta cinye babbar kasuwar Rud Woko, wadda ba a sake buɗewa ba sai 2009. Gaskiya ɗaya ce, aikin gwamnatin ƙasa ne, ba meri ce ta ƙulla shi ba. Abin da ya sa na kawo shi shi ne, sa'ad da labari ya iso zaurukan Zango an riga an zana taswira, kuma da aka zo lissafin diyya, takardar fili aka tambaya, ba a tambayi shekara nawa kakan mutum ya yi a wurin ba.

Abin da ya ci Zango a tsakiyar gari shi ke cin burtali a gefensa. Komin 6 ne suka kewaye Wagadugu: Saaba, Kubri, Komsilga, Lumbila, Tangin-Dasuri da Pabre. Duk dabbar da za ta shigo karar Tangin ko mahautar Kosodo da ƙafa, ta cikin ɗayansu za ta bi. Binciken da majalisar dokoki ta yi a 2016 ya gano fuloti fiye da 105,000 da aka raba ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara 20. Bayansa kamfanonin sayar da filaye suka bi ƙauyuka suna kafa turaku, har sai da dokar Yuni 2023 ta taka musu birki. Alhali tun 14 ga Nuwamba 2002 muna da dokar kiwo, wadda ta san hanya iri 3: ta zuwa makiyaya da mashaya, ta tafiyar rani da damina, da ta kai dabba kasuwa, ta kuma haramta toshe su. Amma mai awo in ya zo da na'urarsa ba ya ganin sawun kofato. Turken siminti yake gani, da takardar shawarar majalisa. Burtalin da ba a kafa wa turaku ba, a idonsa fili ne da ba mai shi. Turaku kuwa kuɗi ne, kuɗin kuma sai an rubuta su a aljihu na biyu. Kun ga mun sake dawowa kan zaman Oktoba.

Sai maganar furiyer, gidan da ake kulle dabbar da aka kama tana yawo. A nan zan ɓata wa wasu rai. Tun 1985 aka shelanta yaƙi da sakin dabbobi, dokar tsafta ta 2005 kuma ta hana kiwo a cikin unguwannin da aka tsara sai a wurin da aka keɓe. Wanda ya saki tumakinsa a kan kwalta, mai babur ya faɗi ya karye, ƙungiya ba za ta je ta tsaya masa ba. Abin da za mu tsaya a kai shi ne a bi ƙa'ida: kuɗin fansa majalisa ce ke yanke shi, a rubuce yake, a nuna maka, ka biya a ba ka takarda. In ka yi sakaci kwanakin da aka ɗiba suka cika, gwanjo za a yi da dabbar. In kuwa ɓarna ce a gona, dokar 2002 ta ce a fara zaman sulhu kafin a je gaban alƙali. Kada ka yarda a yanka maka tara a gindin bishiya ba shaida ba takarda, kada kuma ka ɗaga sanda.

Abu ɗaya da meri ke bin mu wanda ba kuɗi ba, shi ne rubuta haihuwa. Dokar iyali ta 1989, wadda ta yi aiki har 2025, wata 2 ta ba uba ya kai sunan jariri. Wanda ya bari lokaci ya wuce sai ya nemi hukuncin kotu da shaidu, da jeka-ka-dawo. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ba zai sami katin ɗan ƙasa ba, kun kuwa san abin da ake nufi a yau a tsayar da saurayi makiyayi a shingen bincike ba shi da kati. Ragon suna ba ya gagarar mu. To a cikin makon sunan a je meri.

Ga abin da kwamiti ya tsayar, in kun amince. Daga Juma'ar nan kowane mai gida zai ajiye gwangwani, duk tikitin da baƙinsa suka biya a jefa a ciki, ranar Juma'a yaro ya kawo mini in rubuta lamba da jimla in mayar masa. Zuwa tsakiyar baɗi, sa'ad da za a karanta lissafin shekara, muna da namu littafin da za mu aza kusa da nasu. In sun yi daidai, madalla, mun san nauyinmu. In ba su yi ba, tambaya za mu yi cikin ladabi, a rubuce. Za mu kuma zaɓi mutum 3 da za su riƙa zama a bencin baya duk zaman majalisa, ɗaya mai jin Faransanci sosai, ɗaya mai Mosanci, ɗaya mai Fulatanci, ƙungiya ta biya musu kuɗin mai. Ina roƙon dattawa kada a zaɓa da girman rawani, a zaɓi mai haƙurin zama awa 5 ana karanta lambobi.

Takardar buƙatunmu kuma za ta shiga kafin ƙarshen watan nan. An kawo mini buƙata 14. Alhaji, ka yi haƙuri, ba za mu rubuta 14 ba, mai karantawa zai gaji tun a ta biyar. Uku za mu sa: rijiyar foraji da kwamin shayarwa, dakalin loda shanu, da turakun burtali. Ta burtali za mu kai wa komin ɗin da hanyar ta ratsa, kowace da tata, domin merin Wagadugu ba ta da iko a ƙasar Saaba ko Pabre. Kowace takarda kofi biyu, a buga mana hatimin karɓa da kwanan wata a kan namu. Ardo-ardon da suka san inda tsohuwar hanya ta bi, muna buƙatar ku ranar Talata, da ƙafa za mu bi ta tare da yaron da zai zana.

Wanda ke da yaro marar takardar haihuwa ya tsaya bayan an tashi, ma'ajinmu yana bakin ƙofa da littafi zai rubuta sunaye, mu kai su gaba ɗaya.

Ranka ya daɗe, na mayar da magana wurinka.